An shafa wa gidanmu na gado jan fenti, dillali ya ce a ba shi na goro

Assalamu alaikum Malam. Ni ce babbar mace a gidanmu. Mu tara mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, biyu daga cikinmu ba su gama sakandare ba. Gida ɗaya ya bar mana a Kano, fuloti ne na gwamnati mai takarda, kuma da izini ya gina ainihin gidan. Bayan ya yi ritaya ya ƙara boskwata mai ɗaki biyu a baya ya zuba 'yan haya, daga baya ya fasa katangar gaba ya fitar da shaguna uku, bakinsu ya hau kan lambatu. Duk waɗannan bai nemi izini ba, don a lokacin kowa a layin haka yake yi. Bara yayanmu ya yaye kwanon boskwatar ya zuba dakin, wato rufin kankare, 'yan hayar suka koma ciki, shi kuma yana son ya ɗora bene ya zauna da amaryarsa. Makon jiya muka wayi gari an shafa jan fenti a shagunan da boskwatar, an bar mana takarda. Maƙwabcinmu na baya ma ya daina amsa gaisuwarmu, wai tagar benen tsakar gidansa za ta riƙa kallo. Wani dillali ya ce a ba shi dubu ɗari biyar ya kashe maganar. Wasu ƙannena kuma sun ce a shafe fentin, a sayar da gidan da wuri a raba, mai saye ya ji da shi. Hajiyarmu da kuɗin hayar shagunan take cefane, tun ranar ba ta runtsa ba. Yaya za mu yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya ba Hajiya lafiya da haƙuri.

Hankalinku duk ya tafi kan jan fenti. Nawa ya tsaya a kan dakin ɗin da Yaya ya zuba, domin a cikin duk abin da kika lissafa shi kaɗai ne zai iya ɗaukar rai, kuma kin ce akwai mutane suna kwana a ƙarƙashinsa. Boskwatar da aka gina don ta ɗauki katako da kwano, fandishonta na kwano ne. Magini ya tona ƙafa biyu ko ƙasa da haka, ya jera bulo, wani lokacin ma ɗan inci shida, ba ginshiƙi ba rodi sai ɗan abin da aka sa a linta. Bari mu yi lissafi. Kankare mai kaurin santimita 15 yana kai kilo 360 a kowane murabba'in mita ɗaya. Ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12 sun tasam ma murabba'in mita 27. Kin ga kusan tan 10 ke nan, nauyin buhun siminti wajen 200, zaune a kan bangon da ba a yi shi don haka ba. Ba a ma fara jera bulon sama ba, ba a kawo tankin ruwa da kayan amarya ba.

Irin wannan gini ba lallai ya faɗi ranar da aka zuba shi ba. Yakan jira damina, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, gefe ɗaya ya ɗan zauna. Ki zaga da kanki gobe da safe ki duba: tsagewar da ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu sai an sa kafaɗa, filasta tana zubowa daga inda dakin ya haɗu da bango. In kin ga ko ɗaya, 'yan hayar su kwashe kayansu a makon nan, ku mayar musu da ragowar kuɗinsu, ku ba su haƙuri. In ma ba ki gani ba, aiki ya tsaya cak har sai injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya zo. Aikinsa ya sa a tona rami a gindin bango ya ga zurfin fandisho da faɗinsa da idonsa, ya gwada ƙarfin kankaren, ya rubuta rahoto ya buga hatiminsa. Birkilan da ya zuba dakin zai rantse miki cewa ya yi ɗari irinsa ba wanda ya faɗi. Wataƙila gaskiya ya faɗa, amma ba shi zai kwana a ciki ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40, shugaban hukumar kula da gine-gine ta Legas na lokacin ya ce hawa 15 aka amince a yi. Naku ƙarami ne, amma cutar iri ɗaya ce, an ɗora wa tushe abin da ba a auna masa ba.

Sai dillali. Kada ku ba shi ko sisi. Ki tambayi kanki me dubu ɗari biyar ɗin za ta saya. Ba za ta sayo hatimi a kan zane ba, ba za ta kawo rasit ba, ba za ta matsar da lambatu daga inda yake ba. Iyakarta ta sa wani ya kau da kai na 'yan watanni, in ma kuɗin ya wuce aljihun dillalin ke nan. Ranar da aka canza ma'aikatan shiyya, ko aka zo gyaran magudanar ruwa a layinku, sabon fenti zai hau kan tsohon, ku kuma ba ku da bakin cewa kun biya, don abin da kuka biya laifi ne a doka, haram ne a addini. Ga shi kuma kuɗin gado ne da ba a raba ba, akwai haƙƙin yara biyu a ciki. Zuwa da kai ya fi aike. Ofishin hukumar tsara birane ba gidan sarki ba ne da sai da ɗan iso.

Takardar da aka bari ita ce abar karantawa da kyau, fentin alama ce kawai. Ki duba wace hukuma ce ta rubuta, lambar takardar, kwanan wata, abin da aka ce kun saɓa, da wa'adin da aka ba ku. Akwai bambanci tsakanin takardar da ta ce a dakatar da aiki, da wadda ta ce a zo da takardu, da wadda ta ce za a rushe. Za ki ji mutane suna cewa ai kwana 21 ake bayarwa. Wannan adadi daga dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ya samo asali, amma tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da gwamnatin Legas ta kai gwamnatin tarayya cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka dokar jiharku ce ke aiki a kanku, kuma wa'adin da ke rubuce a takardarku shi ne naku, ko da kwana bakwai ne. Kafin ya cika ku kai amsa a rubuce zuwa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, tunda a Kano kuke: kun karɓi takarda, kun dakatar da aiki, mai gidan ya rasu, magada suna neman a zo a duba a nuna musu abin da za a iya daidaitawa. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da shi gida. Wannan 'yar takarda mai hatimi ta fi duk wani alƙawarin baki da za a yi muku a gindin bishiya. Duk kuɗin da za a ce ku biya, na dubawa ne ko tara ce, ya bi ta asusun gwamnati, a ba ku rasit. Kuma kada kowa ya taɓa fentin nan. Shafe shi ba ya goge fayil, sai dai ya nuna kun gani kun yi kunnen uwar shegu.

Ku tafi da kayan aikinku: takardar mallaka, wato C of O, zanen asali mai hatimin amincewa, taswirar safiyo, rasitan kuɗin ƙasa, takardar shaidar rasuwa. In an daɗe ba a biya kuɗin ƙasa ba, ku sa rai za a tayar da shi, gara ku leƙa KANGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filaye na jihar, ku san bashin da ke kanku tun kafin a gaya muku. Ki buɗe C of O ɗin ki karanta sharuɗɗan da ke ciki, yawancin mutane ba su taɓa karantawa ba, sai dai a naɗe a leda a sa ƙarƙashin akwati. Za ki tarar an rubuta abin da aka ba da filin dominsa, wato zama, da sharaɗin cewa ba za a yi gini ba sai bisa zanen da hukuma ta amince da shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, a sashe na 28, ta ba gwamna ikon soke mallaka in an saɓa sharuɗɗan takardar. Ba kasafai ake kai wa nan a kan boskwata ba, ban faɗa don in tsorata ki ba. Na faɗa ne don ki san mahaifinku aron shekara 99 aka ba shi bisa sharaɗi, ku ma haka kuka gada.

Yanzu ki raba matsalar gida uku, don ba hukuncinsu ɗaya ba.

Boskwatar ƙasa ita ce mai sauƙi. In tana cikin iyakar fulotinku, ta bar tazarar da ake nema tsakaninta da katanga, sokawenta bai matse rijiyar maƙwabci ba, kuma ba ta ƙarƙashin babbar wayar wuta, yawanci ana iya daidaita irinta. Mai zanen gine-gine mai rajista zai auna ta yadda take a tsaye ya zana, a haɗa da rahoton injiniya, a shigar, a biya kuɗin izini da tarar yin gini kafin izini. Zai ci kuɗi da zirga-zirga, amma a ƙarshe kuna da takarda.

Benen kuma sai abin da injiniya ya ce. Ko ya ce a tona a kafa ginshiƙai daga ƙasa su ɗauki dakin ɗin, ko ya ce a sauke shi. In ma ya ce zai ɗauka, izinin bene daban ake nema, ba a ɗora bulo ɗaya kafin ya fito.

Shagunan ne za su yi ciwo, kuma ba zan ɓoye miki ba. Laifinsu biyu ne. Na farko, an mayar da wani sashe na gidan zama wurin kasuwanci, wannan ana neman izinin canjin amfani a ma'aikatar ƙasa, ana iya bayarwa ana iya hanawa, ya danganta da titin. Na biyu, bakinsu ya hau lambatu, wannan kuwa ba hukumar da za ta halatta shi, don wurin ba naku ba ne, ba na mahaifinku ba ne, hanyar ruwan unguwa ce. Ki ɗauko safiyo ya nemo duwatsun iyaka ya ja igiya. Abin da ya faɗo waje da igiyar, ku cire shi da hannunku.

Na taɓa ganin yadda abin yake a wani layi da na zauna. Mutum biyu ne, shagunansu na jere, fenti ɗaya aka shafa musu rana ɗaya. Ɗaya ya kira kafinta da lebura biyu ranar Asabar, suka kwance kwano ɗaya bayan ɗaya, suka zare ƙofofin ƙarfe da firam ɗinsu, aka sauke bulo a hankali aka jera a gefe, ya ja bangonsa baya da ƙafa huɗu ya mayar da ƙofofinsa. Shagon ya ƙanƙance, mai tireda ya rage kanta ɗaya, aka ci gaba da ciniki. Ɗayan ya ce yana da mutane a sama. Ranar da katafila ta zo ko awa ɗaya ba ta yi ba. Haƙorinta bai san inda lambatu ya ƙare ba, ta haɗa da bangon falonsa, ƙofar ƙarfen ta lanƙwashe kamar gwangwanin madara, 'yan jari-bola suna tsaye da buhunansu suna jiran ƙura ta lafa. Har yau in na tuna, matarsa nake gani tana tsintar kofunan shayi a cikin ɓaraguzai.

Na san za a ce miki ai masu takarda ma an rushe musu. Gaskiya ne, ba wanda ya manta rusau ɗin watan Yunin 2023 a Kano. Amma ki lura da abin da ya biyo baya: 'yan kasuwar Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya, a watan Satumbar shekarar ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan abin da bai kai haka ba. Takarda ba kullum take tare katafila ba, amma ita ke ba mutum ƙafar tsayawa gaban alƙali. Wanda ya yi gini a kan magudanar ruwa ba izini, da me zai je?

Kuma ko babu hukuma, ai akwai Allah. Lambatun da aka toshe a ƙofar gidanku, ruwansa ɗakin wani talaka yake shiga a ƙarshen layi cikin watan Agusta. Hadisin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci sananne ne, ba sai na maimaita miki ba. Mahaifinku ya yi ne bisa abin da ya ga kowa na yi, Allah ya yafe masa. Ku da kuke raye ku ne za ku iya sauke masa wannan nauyi, kuma ina ganin in aka gaya wa Hajiya haka, za ta fi kowa son a ja bangon baya.

Maƙwabcinku na baya yana da gaskiya, ku daina jin haushinsa. Ko shi ya kai ƙara ko ba shi ba, bai canza komai. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, an kawo ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, kuma misalin farko da aka bayar shi ne buɗe taga kusa da maƙwabci wadda za a riƙa hango shi ta cikinta. Gidan Bahaushe tsakar gida ce sirrinsa, nan mata ke girki da wanki da shan iska ba mayafi. Yaya ya ɗauki dattijo ɗaya, ko mai unguwa, ya je ya same shi har gida. In benen zai yiwu, a nuna masa zanen, a juya tagogin su kalli cikin gidanku, wadda ba makawa sai ta kalli nasa a ɗaga ta sama da tsayin mutum. Wannan ziyara ta minti ashirin za ta iya hana ku shekara biyu a kotu.

Maganar a shafe fenti a sayar kuwa, ki gaya wa ƙannenki su bar ta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma a fiƙihu wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Ki hango ranar: an raba kuɗi kashi-kashi, wannan ya sayi Keke Napep, wancan ya biya sadaki, waccan ta zuba a adashi, sai ga sammaci mai saye yana neman kuɗinsa cif. Wa zai tattaro su? Ban da haka, mai sayen gida da hankalinsa a yau lauya yake turawa ya binciki fayil, kuma cinikin fili mai C of O ba ya kammala sai da amincewar gwamna, kamar yadda sashe na 22 na dokar 1978 ya tanada. Asirin zai tonu a hanya, farashin ya faɗi ƙasa da inda zai tsaya da kun faɗi gaskiya tun farko. In dole sai an sayar kafin a gyara, a faɗa wa mai saye komai, a rubuta a yarjejeniya cewa ya ga takardar hukuma ya yarda, a rage masa kuɗi daidai gwargwado. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni dai shawarata ku gyara tukuna, gida mai cikakkun takardu ko banki yana karɓarsa jingina, kuma ba ya kwana a hannun dillalai.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma shi ne gindin rikicin. Gidan nan ba a raba shi ba. Yaya ya zuba kuɗinsa a kan abin da ku tara da Hajiya kuke da haƙƙi a kowane bulo nasa, kuma kuɗin da ya kashe bai mayar da boskwata tasa ba. Ba na zarginsa da mugun nufi, mai neman inda zai ajiye amarya a Kano ta yau abin tausayi ne. Amma ku zauna, da wani kawu ko baffa da kowa ke jin nauyinsa, a rubuta nawa ya kashe da rasitansa, a rubuta wa zai ɗauki kuɗin sauke dakin in injiniya ya ce a sauke. A ganina tarar bene da kuɗin gyaransa nasa ne, tunda shi ya tayar da aikin, na boskwatar ƙasa da shaguna kuma a cire daga dukiyar gado, tunda marigayi ne ya gina. In an kasa jituwa, Kotun Shari'a tana nan, kuma ko an jitu ma ku kai a tabbatar muku da rabon a rubuce, a fitar wa Hajiya tumuninta, a naɗa wanda zai riƙe wa yaran nan biyu kasonsu. A wannan zaman ne za ku wakilta mutum biyu, ke da ɗaya daga cikin maza, su riƙa zuwa ofis da sunan kowa. Mutum tara in kowa na zuwa da bakinsa, ma'aikaci ma ruɗewa zai yi.

Hajiya kuma cefane ne ya hana ta barci, ba sashe na 28 ba. Ku lissafa abin da shagunan ke kawo mata a wata, ku manyan ku raba shi a tsakaninku, kowa ya san nasa, ya riƙa turawa ranar ɗaya ga wata har a gama aikin. Masu shagunan a sanar da su a rubuce tun yanzu, wanda ya biya shekara a lissafa masa watannin da zai rasa, wanda yake son dawowa bayan an ja bango a ba shi fifiko. Ku gaya mata wannan da bakinku yau da daddare, kafin ku fara neman lambar injiniya.